Baƙin da ke jikin duwatsunmu: ƙunar rana ce ko wani abu ne mai rai?

Birkila Zariya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin ƙasa. Duk wanda ya taɓa zuwa inda ake fasa dutse ya san cikinsa fari-fari ne ko ruwan toka, wani ma da ɗan ja-ja. Amma ka hango Kufena, ko Zuma in za ka shiga Abuja, baƙi ne, ga zane-zane tun daga sama har ƙasa. Mu dai mun taso ana cewa rana ce ta ƙona shi. To in rana ce, me ya sa katangar da ruwan indararo ke zuba a kanta ta fi saurin yin irin wannan baƙin, ko da kuwa a inuwa take?

Ɗan Kwatarkwashi: Wa alaikumus salam. Ni ma abin da na ji ke nan tun ina yaro, rana da tsufa. Ina biye.

Malamar Bayoloji: Wa alaikumus salam Malam Birkila. Tambayarka ta riga ta ɗauko rabin amsar, tunda ka lura baƙin ruwa yake bi. Abin da kake gani mai rai ne. Mafi yawansa wasu ƙwayoyin halitta ne da ake kira sayanobakteriya, 'yan uwan gansakukar da ke fitowa a bakin rijiya ta fuskar yadda suke cin abinci, wato da hasken rana suke haɗa shi kamar tsiro. Ba su kaɗai ba ne, akwai fumfuna da wasu bakteriyoyi a tare da su, duk sun manne a cikin wani yauƙi da su da kansu suke fitarwa. Shi ne ya zama fata a jikin dutsen, kaurinta sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba.

Baƙin kuwa kariya ce. Asalin launinsu kore ne mai shuɗi-shuɗi, amma da yake a tsakiyar rana suke zaune ba inuwa, sai su ƙera wani launi mai duhu a jikin kubensu, sunansa saitonemin, yana tare musu hasken da ke ƙona ƙwayar halitta. A 1993 aka gano yadda ginin sinadarin yake. In kana so ka tabbatar, ka zuba ruwa a falalen dutse, ka jira kaɗan, ka kankare da bakin wuƙa. Za ka ji yauƙi, ka kuma ga kore-kore a ƙasan baƙin.

Ɗan Kwatarkwashi: Wallahi Malama haka ne. Da damina ba a hawa dutsenmu ta inda zanen nan yake, santsi ne kawai. Da rani kuma wurin kaushi gare shi.

Malamar Bayoloji: Da rani bushewa suke yi ƙayau, su daina komai, alhali ba su mutu ba. Fuskar dutse irin wannan tana iya haura maki 60 na zafi da tsakar rana. Ranar da ruwan farko ya sauka, cikin ɗan lokaci sun farfaɗo sun ci gaba da aiki. Abin da ya fi ɗaukar hankalina kuma shi ne ba zama kawai suke yi a kan dutsen ba, cin sa suke yi a hankali.

Injiniyan Hanya: Malama, a nan kam zan ja. Na yarda mai rai ne. Amma cin dutse? Wannan dutsen da sai an sa nakiya kafin ya tsage, injin niƙa ma haƙoransa cinyewa suke yi a kansa. Abin da muka sani yana narkar da dutse a ƙasashen zafi shi ne ruwa da zafi da tsawon zamani. Ku masu nazarin halittu duk inda kuka leƙa kuka ga ƙwayar halitta sai ku ce ita ta yi aikin. Ganin ta a wurin ai bai nuna ita ta yi ba.

Malamar Bayoloji: Injiniya, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, kuma su kansu masu binciken sun daɗe suna kokawa da ita. Amma bari in faɗi abin da aka auna, ba wanda aka zata ba.

Ka ce ruwa ne. To, ruwa ba ya zama a kan dutse tsirara, da an ɗauke sama ya gangare, rana ta busar da sauran. Yauƙin nan shi ke riƙe shi ya daɗe a manne da ma'adanan dutsen. Ko ba su yi komai ba bayan wannan, sun tsawaita lokacin da ruwan naka ke aiki. Sannan yauƙin kumbura yake yi in ya sha ruwa, ya tsuke in ya bushe, kuma a cikin 'yan tsagogin da ke tsakanin ƙwayoyin ma'adanai yake wannan. Yau ya tura, gobe ya ja, shekara da shekaru, har ƙwaya ta girgiɗe ta faɗo.

Sai ɓangaren sinadari. Da dare, in suna numfashi, iskar kabon suke fitarwa, ta haɗu da danshi ta zama asid mara ƙarfi. Fumfunar da ke cikinsu kuma tana zubar da asid irin na ogzalik da na sitirik, masu fizge kalsiyam da ƙarfe da alminiyam daga jikin ma'adani. Zaren fumfuna har shiga yake yi tsakanin ɓawon baƙin ma'adanin nan mai ƙyalli da kake gani a tsakuwa, maika, ya buɗe shi don ya samu fotashiyam. Da rana abin juyawa yake yi. Sayanobakteriya na zuƙe iskar kabon daga danshin, sai ruwan ya koma kamar ruwan kanwa. Wani Bajamushe, Burkhard Büdel, da abokan aikinsa sun nuna haka a 2004 a kan dutsen yashi na Afirka ta Kudu, inda ƙwayoyin ke zaune a cikin dutsen, 'yan milimitoci ƙasa da fuskarsa. Ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa asid ne ko mai kanwa-kanwa, ya haura 9, kuma a wannan matakin silikar da ta ɗaure yashin narkewa take yi, sai fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa. Shi dai wannan mutumin ya yi aiki a kan duwatsun Kodebuwa, waɗanda irin namu ne, ya tarar fuskarsu kusan duka a lulluɓe take da waɗannan halittu.

Injiniyan Hanya: Na ji. Dutsen yashi daban, giranit, wato dutse mai ƙwari irin na Kufena, daban. Nawa suke ci a shekara?

Ɗalibin Jiyoloji: A yi mini izini in shiga tsakanin manyana. Yallaɓai Injiniya, ta fuskar yawa kana da hujja. Inda aka auna zaizayar giranit tsirara a sassan duniya, abin da ake samu 'yan mitoci ne kaɗan a shekara miliyan ɗaya, a busassun wurare ma ƙasa da mita guda. Duk da halittun da ke kansa.

Babban aikin a ƙarƙashin ƙasa ake yin sa. Kai da kanka ka sha gani in ana yanka tudu don hanya: jar ƙasa a sama, ƙasanta ruɓaɓɓen dutsen da har yanzu zanensa na nan amma hannu na marmashe shi, da ƙwallayen dutse masu ƙwari a binne a ciki. A wasu wuraren ruɓewar na kai mita gomomi. A can danshi ba ya ƙarewa ko da rani. Ma'adanin felsifa, wato fari-farin ko ja-jan da ke cikin giranit, ya zama farar ƙasa, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, ƙarfen da ke cikin maika ya yi tsatsa ya rina ƙasar ja, kwaz kuma, ma'adanin nan mai kama da gilashi da ya fi taurin kai, ya rage a matsayin yashi.

Abin da zai ba ku sha'awa, wannan fahimtar a ƙasarmu ta samo tushe. J. D. Falconer, wanda ya yi binciken ma'adanai a Arewacin Najeriya, shi ya rubuta a 1911 cewa duwatsun nan da ke tsaye su kaɗai a fili a ƙarƙashin ƙasa aka fara sassaƙa su. Inda dutse ke da tsagogi da yawa ruwa ya shiga ya ruɓar da shi, inda yake dunƙule ya tsira, daga baya zaizaya ta kwashe ruɓaɓɓen ta bar mai ƙwarin a tsaye.

Injiniyan Hanya: Madalla. Ashe dai maganata ce.

Ɗalibin Jiyoloji: Rabinta, Yallaɓai. Don ruwan da ke ruɓar da dutse a can ƙasa, wa ya ba shi kaifi? Iskar kabon da ke cikin ƙasa takan ninka ta sarari sau 10 har zuwa 100, kuma daga numfashin saiwoyi da ƙwayoyin halitta take fitowa. Ka cire su, ruwan ya rage ƙarfi sosai. Su ɗin ne dai a ƙasa, su ne a sama, sai dai na saman ruwa na yanke musu wata da watanni.

Alaramma Na Gabas: Tabarakallah. Ina karantawa ina tuna aya ta 27 a Suratu Faɗir, inda Allah Ya ambaci zane-zanen da ke jikin duwatsu, farare da jajaye masu launi daban-daban, da baƙaƙe ƙirin. Ku ci gaba, muna ƙaruwa.

Bakano: To Dala fa? Ita ba baƙa ba ce sosai, ja ce.

Ɗalibin Jiyoloji: Dala da Goron Dutse ba irin su Kufena ba ne, Yaya. Marmara ce a kansu, wato abin da ya rage bayan ruwa ya wanke kusan komai ya bar ƙarfe da alminiyam suka daskare. Ita ce ƙarshen tafiyar da muke magana a kai. Shi ya sa maƙeran farko suka zauna a gindin Dala suna narka tama.

Malamar Bayoloji: Ƙanena ya kawo abin da nake so in ƙara, kuma zai yi wa Injiniya daɗi. Akwai masu bincike da ke cewa fatar nan, bayan cin da take yi, tana kuma kare dutsen. Tana ɗaure ƙwayoyin da suka riga suka girgiɗe kada ruwa ya tafi da su, tana rage dukan ɗigon ruwan sama da na yashin da iska ke watsowa, wani wurin ma tana toshe ƙofofin da ruwa zai bi ya shiga. Wasu kuma suka ce baƙinta na ƙara wa dutse zafi, ya buɗe da rana ya tsuke da dare fiye da yadda farin dutse zai yi. Duka biyun an gani. Ni a nawa fahimtar, irin dutsen ne ke raba gardama. A giranit mai ƙwari cin kaɗan ne, kariyar na iya kusan biyan ɓarnar. A dutsen yashi da dutsen farar ƙasa na siminti, irin na Kalambaina a Sakkwato, ɓarnar ta fi yawa, don suna iya huda shi su shige. A tsibirin Kayman da ke yankin Karebiyan akwai wani fili da dutsen farar ƙasa ya koma baƙaƙen tsinaye masu ramuka, kuma tun 1973 masana suka danganta siffar da ƙananan halittun da ke huda shi.

Ɗan Agadas: Sallama daga Nijar. Ina da ja a kan batun ruwa. Mu nan ruwan sama ɗan kaɗan ne, amma ku zo yankin Ayar, wato Azbin, ku ga duwatsu baƙi wuluk har suna ƙyalli. A nan ba gansakuka, ba santsi. Kuma mutanen da can sun yi zane a jikin duwatsun, kamar raƙuman dawa na Dabus a hanyar Arlit, babban ya haura mita 5. Wannan baƙin namu fa, shi ma mai rai ne?

Ɗalibin Jiyoloji: Sannu da zuwa Yaya. Naku wani abu ne daban, kuma haɗa su da ake yi ya rikita mutane da yawa. Shi ɓawo ne na ma'adani: laka mai laushi da iska ta kawo, haɗe da tsatsar manganis, wani dangin ƙarfe, da ta ƙarfen kansa. In ka jiƙa shi ba ya yauƙi, ba ya kore. Girmansa a hankali ne ƙwarai, abin da aka auna a hamadar Amurka maikiromita 1 zuwa 40 ne a shekara dubu, maikiromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Shi ya sa sabon zane a jikin dutsen hamada yake fitowa da haske, tsoho kuma ya koma duhu kamar sauran dutsen.

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce daga ina manganis ɗin ya taru haka, alhali dutsen da ƙurar ba su da shi da yawa. A 2021 wani bincike ya nuna akwai wata sayanobakteriya mai jure fari da ke tara manganis a cikin jikinta don kare kanta, in ta mutu ya rage a wurin. Ke nan ko a naku akwai alamar hannunsu, ko da yake har yanzu akwai masu ganin hasken rana da raɓa da ƙura sun isa su yi aikin ba tare da su ba.

Akwai ma na uku. Masanin nan Bajamushe Humboldt ya ga baƙaƙen duwatsu masu sheƙi a gangaren ruwan kogin Orinoko na Kudancin Amurka a 1800, masanin Ingila Darwin ya ga makamancinsu a gaɓar Bahiya ta Birazil a 1832. Na koguna da aka gwada tun a wancan zamanin, manganis da ƙarfe aka samu. Shi wannan a iya inda ruwa ke hawa ya sauka yake fitowa.

Ɗan Agadas: Na gode ƙanena. To a tsakaninmu da ku, wajen Damagaram, wane iri ne?

Ɗalibin Jiyoloji: Gwajin Malama zai gaya maka, ruwa da bakin wuƙa. Kada ka yi mamaki in ka samu duka biyun a dutse guda, mai rai a inda ruwa ke gangarowa, ɓawon a inda ya fi bushewa.

Baba Manomi: 'Ya'yana, ni ban yi boko mai zurfi ba, jikana ke karanta mini. Abin da na sani, gonar da ke gindin dutse ba ta yi wa mai ita rowa. Ko shekarar da ba a samu taki ba, dawar da ke kusa da dutsen ta fi duhun ganye. Iyayenmu cewa suke yi dutse na da albarka. Ko wannan abin da kuke faɗa ne?

Malamar Bayoloji: Sannu Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Iyayenku sun gani daidai. Da yawa daga cikin halittun nan suna iya kamo sinadarin naitirojin daga iska, shi ne wanda ake saye a buhun yuriya. Ruwan da ya wanko dutse yana saukowa da shi, tare da ɗan fotashiyam da kalsiyam da suka kwance daga dutsen, da gawarwakinsu, da ƙurar hunturu da ta maƙale a yauƙin. Wani ƙiyasi da aka buga a 2012 ya ce irin waɗannan shimfiɗu na ƙananan halittu, na kan dutse da ƙasa da jikin itatuwa a duk duniya, suna kama naitirojin kusan tan miliyan 49 a shekara. Kuma su ne ke share fage a kan dutsen kansa. In sun tara ɗan turɓaya a wani lotsi, sai ciyawar nan mai kama da tabarma ta kafu, wadda ke bushewa da rani kamar ta mutu, ta koma kore da ruwan farko. Bayanta ƙananan itatuwa su samu wurin sa saiwa a tsaga.

Injiniyan Hanya: Baba, a ƙara da ruwa. Duk ruwan da ya sauka a kan dutse mai faɗin eka goma ba ya nutsewa, a gindinsa yake taruwa. Ga kashin jemagu da na rema da na tsuntsaye. Kada a ba ƙwayoyin nan ladan duka.

Malamar Bayoloji: Ban ba su duka ba, Injiniya. Amma kai ma ka daina hana su nasu.

Uwar Biyu: Ni dai ku taimake ni da na gida. Katangarmu ta baya ta yi baƙin nan, filasta har ta fara zuba in an taɓa. Maigida ya sa an goge da buroshin waya an yi fenti, damina ɗaya ya dawo. Shi ne wannan?

Birkila Zariya: Shi ne Hajiya, kuma yanzu na gane dalilin da fenti ba ya magani. Buroshin waya ƙara wa bango kaushi yake yi, ruwa ya samu wurin maƙalewa. Ki sa a duba saman katangar tukuna. In ba a yi mata hula mai ɗan baki da zai zubar da ruwa nesa da jikinta ba, ko indararo na zuba a kanta, ko an wanke sau goma zai dawo. A gyara hanyar ruwa, a wanke da ruwan bilic da buroshi mai laushi, a bari ta bushe sosai da rani, a cire filastar da ta mutu a sake, sannan fenti.

Malamar Bayoloji: Haka ne, kuma siminti ya fi giranit sauƙin ci nesa ba kusa ba, don kalsiyam ne jikinsa. Sai dai ina roƙon kada a ɗauki wannan shawarar a kai ta kan kayan tarihi. A Angko na Kambodiya, inda gine-ginen dutsen yashi suka yi baƙi da irin wannan fata, masu gyara sun koyi cewa kankarewa da ƙarfi na iya tafiya da fuskar sassaƙar, kuma halittun su dawo. Mu ma muna da abin da za mu yi wa tsoro. Zanen shanu na jikin duwatsun Birnin Kudu a Jihar Jigawa ya daɗe ne saboda yana ƙarƙashin rumfar dutse inda ruwa ba ya bi. Ranar da ruwa ya canza hanya ya fara gangarowa ta kansa, ko wani mai kyakkyawar niyya ya riƙa watsa masa ruwa don ya fito a hoto, an gayyato su ke nan. Wannan na damuna ƙwarai, don abu ne da ba a sake yin irinsa.

Ɗalibin Jiyoloji: Akwai aikin da ɗalibai za su iya yi ba tare da kuɗi mai yawa ba. Muna da tsofaffin wuraren fasa dutse da aka san shekarar da aka daina aiki a cikinsu, irin na Mpape a Abuja da na kewayen Jos. Fuskar da aka fasa sabuwa ce, ba komai a kanta ranar farko. In aka jera su bisa shekaru, aka auna yawan baƙin da taurin fuskar, za a ga saurin kamawar da kuma ko ƙasan baƙin ya fi laushi. A kwatanta na Jos mai ruwa da yawa da na Katsina ko Damagaram.

Injiniyan Hanya: Wannan kam zan sa hannu. Muna da hamar gwajin taurin kankare a wurin aiki, tana aiki a kan dutse. Amma da sharaɗi: a kowane wuri a auna inda ke da baƙi da inda babu a fuska ɗaya, masu kallon gabas daban, masu kallon yamma daban. In ba haka ba Malama za ta ce ƙwayoyi ne, ni in ce ruwa ne, mu koma inda muka fara.

Malamar Bayoloji: Na yarda da sharaɗin. Sai dai inda baƙin yake nan ne ruwa ke bi, don haka ko an samu bambanci ba a raba su ba tukuna. Dole a samu zane guda, a kashe halittun a rabinsa a bar rabi, ruwa ɗaya na bin duka biyun, a riƙa dawowa ana dubawa.

Injiniyan Hanya: Shekara nawa?

Malamar Bayoloji: A giranit, ɗalibanmu ne za su karanta sakamakon. A fara da bulon siminti da dutsen Kalambaina, su za su nuna da wuri. Ƙanena, ka rubuto tsarin ka turo nan mu duba kafin damina ta faɗi.